Kunun Kanwar Inna

Salama gare ku, 'yan uwa. Wata biyar ke nan rabona da rubuta ko kalma ɗaya a nan. Masu cewa na samu 'ya na manta da mutane, na ji ku, na kuma yafe. Ciwo na yi, ciwon da ya kusa raba ni da yarinyar da kuka yi ta yi mini barka a kanta.

A Ajingi nake aure, amma da yake haihuwar fari ce, gida Balan aka mayar da ni wanka. Wanda ya san Balan ya san Innata da kunun kanwa. Ba a haihuwa a unguwarmu ba a aiko ta dama ba. To yau ga tata 'yar ta haihu, kuma 'yar fari, wadda ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba saboda kunya. Tun ina ƙarama "ke" take ce mini. Duk son da ba ta iya faɗa da baki, sai ta huce a kan kunu.

Safe kunun kanwa, rana kunun kanwa, yamma ma shi. Maƙwabta kowa ta zo barka da kwanonta, ka buɗe shi ne dai, ko nama da ya sha yaji da gishiri. Ga wankan ruwan zafi safe da yamma. Ina sha ina lashe baki, don gaskiya Inna ta iya.

Kamar sati biyu bayan suna ƙafafuna suka kumbura. Aka ce ƙibar jego ce, har ana yaba wa Inna. Sai tari. Daga ɗaki zuwa bayi sai na tsaya na huta. Kwanciya ta gagare ni, sai a zaune da filo uku a baya. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, aka ƙara wa ruwan wanka wuta, aka ƙara wa kunu kanwa.

Ranar da na tsorata ita ce ranar da na ɗauki Walida zan ba ta nono, numfashi ya ƙi. Yarinyar da ba ta fi kwanon gero nauyi ba, na kasa riƙe ta.

Maigidana ya zo ya gan ni, bai tsaya shawara da kowa ba ya nemo mota. A asibiti a Gaya aka sa mini iskar numfashi, aka tura mu Kano. Gwajin jini, hoton ƙirji, hoton zuciya. Allurar da ke sa fitsari kamar an kunna famfo. Kullum da safe a ɗora ni a sikeli a ga ruwan da ya ragu. Kwanana goma sha ɗaya, kuma gyaɗar da maigidan ya ajiye ta iri duk a magani ta tafi.

Likitar mace ce. Ta tambayi me nake ci, Inna ta karɓe amsar da alfahari, har da yadda take jiƙa kanwar. Likitar ta bari ta gama.

"Mama, zuciyarta ce ta yi rauni bayan haihuwa, hakan yana faruwa. Amma kanwa da gishiri ruwa suke tara mata a jiki, zuciyar kuma ba ta iya ɗauka. Daga yau a daina, har da wankan ruwan zafin nan."

"To nonon fa, likita? Me jaririyar za ta sha?"

"Ki ba uwar abinci mai kyau, nono zai zo."

Kwana biyu Inna ba ta haɗa ido da ni ba. Na ji tausayinta fiye da kaina. A na uku sai ga ta da kula cike da faten wake da alayyahu, gishirinsa sai ka yi bincike. Na ce Inna wannan ai hukunci ne. Ta ce in ci ko ta ɗura mini.

Nono ya zo. Walida yanzu sai da hannu biyu ake ɗaukarta. Ni kuma ina shan magani, ina komawa asibiti duk wata, ina share tsakar gidana ba haki. Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa maigidana da ma'aikatan da suka kula da ni, da ku da kuka yi ta cigiyata.

In za ku je barka, don Allah ku bar kanwar a gida. Ku kai tuwo da miyar zogale ko ta kuɓewa, gishiri da dunƙule kaɗan. Farfesun kaza, dafaffen ƙwai, kunun gyaɗa, gwanda ko kankana, duk mai jego tana so. Ku fara tambaya ko likita ya hana ta wani abu. Kuma kada ku taru duka a satin suna, bayan an watse ne tukunyar gidan take yin sanyi. Ku sa da rabon mai kula da ita, ita ma tana jin yunwa.

In kuka ga mai jego ta kumbura, tana haki, ta kasa kwanciya, ba ƙiba ba ce, ba sanyi ba ne. A tafi asibiti a ranar.

Satin da ya wuce na je Balan, na tarar maƙwabciyarmu ta haihu. Aka aiko wa Inna da gero da kanwa kamar kullum. Ta dama kunun gyaɗa, ta ɗaure kanwar a ledarta, ta kai musu da kanta, ina biye da ita da goyo. Kakar jaririn ta ɓata rai, ta ce wane irin jego ne babu kanwa, su da ita aka rene su.

Inna ta ajiye mata ledar a gabanta.

"Ni na dama kunun kanwa da hannuna, Yaya, na kusa rasa Hadiza. Ba zan sake ba."

Shekarata ashirin da huɗu a duniya, ranar na fara jin sunana a bakinta.