Nasiru na Kujerar Dama

Ranar Talata da la'asar ina tsaye ƙarƙashin fiffiken jirgi ina duba tayoyi, kafin tashinmu zuwa Kano, sai wayata ta yi ƙara. Malam Sale ne, yayan Nasiru mataimakina. Bayan sallama bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Kyaftin, sai haƙuri. Nasiru lokaci ya yi, tun da hantsi. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar." Na yi ta maimaita Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un har makaniken da ke kusa ya zo ya riƙe ni. Ranar ban tuƙa jirgin ba. Na ce wa ofis su nemo wani.

Na san ba shi da lafiya. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, ya ce a kai shi gida Falgore wajen mahaifiyarsa. Mun yi waya ranar Juma'a, yana dariya yana cewa kada in ba wani kujerarsa. Na ce zan zo Lahadi. Aiki ya taso, ban je ba.

Shekara shida Nasiru yana mataimakina, ni a kujerar hagu, shi a ta dama. Ni ɗan Yammedi ne ta Ƙaraye, shi ɗan Falgore ta Rogo, kuma tun ranar da ya ji haka ya daina ce mini Kyaftin idan muna mu biyu, sai Yaya. In ya dawo hutu yakan zo da gyaɗa daga gonarsu, ya raba wa makanikai da masu sharar jirgi, kowa ya kira shi da sunansa, ya tambayi iyalinsa. Da damina, idan muka biyo ta yammacin Kano, sai ya leƙa taga ya ce, "Yaya, ana ruwa a Rogo. Yau Inna za ta yi murna."

Akwai wata ɗabi'arsa da nake yi masa tsiya a kanta. A ƙasa akwai tashoshin rediyo da ke nuna wa jirage hanya, kowace da lambarta. Matuƙi zai murɗa lambar ya kamo tashar, sai wasu sanduna biyu a allon gabansa su riƙa nuna masa inda zai karkata. In ya danna maɓalli, na'urar tuƙi da muke ce wa otofailot ta karɓa, ta bi sandunan da kanta. Kowace tasha kuma tana faɗin sunanta da 'yar ƙara, gajera da doguwa, kuma doka ce a saurara a tabbatar. Yawancinmu da muka daɗe mun daina. Nasiru bai taɓa dainawa ba. In na tsokane shi sai ya ce, "Na'urar nan ba ta ƙarya, Yaya, amma duk abin da aka gaya mata yarda take yi." Wani lokaci kuma ya ce, "Ni sai na ji sunanta da kunnena."

Wata rana da hantsi, tsakiyar damina, muna gangarowa wani filin jirgi da ke tsakanin duwatsu, jirgi cike da fasinja. Gajimare ya rufe ko'ina, ba ma ganin komai. Na'urar tauraron ɗan'adam ba ta aiki ranar, don haka tashar ƙasa muke bi. Ni na murɗa lambar, na danna otofailot, sandunan suka daidaita a tsakiya, jirgi ya karkata ya fara sauka lafiya lau.

Nasiru ya dafe abin sauraro a kunnensa, ya kasa kunne. Can ya ce, "Yaya, wannan ba tasharmu ba ce."

Na ce, "Dubi allo mana. Komai daidai yake."

Ya ce, "Allo daidai yake da abin da aka ba shi. Sunan da nake ji daban ne."

Raina ya ɓaci. Na ce masa tun yana firamare nake sauka a filin nan. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ja da baya ba. Ya ce, "Ka gafarce ni, Kyaftin. Mu hau sama yanzu, in ya so ka yi mini faɗa a ƙasa." Jin ya ce Kyaftin ne ya sa na gane da gaske yake. Na cire otofailot, na ba injin wuta, muka ɗaga. Muna hawa gajimare ya ɗan buɗe, na ga dutse ta hagu, kusa har ina ganin bishiyoyin kansa ɗaya-ɗaya. Lamba guda na kuskure, na kamo wata tashar daban, na'ura kuwa ta bi ta da gaskiya.

Da muka sauka na nuna masa ba sai an rubuta rahoto ba, tunda Allah ya kiyaye. Ya ce, "Za a rubuta, Yaya, saboda na bayanmu." Ya rubuta. Amma da na karanta sai na ga ya sa cewa shi ma bai duba lambar ba lokacin da nake murɗawa, wai laifin namu ne mu biyu. Bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa. Ni kuma girman kai ya hana ni in zaunar da shi in ce na gode. Kullum ina cewa sai wata rana.

Washegarin rasuwar na isa Falgore. Bayan gaisuwar maza a ƙofar gida, Malam Sale ya shigar da ni wajen Inna. Tana zaune a kan tabarma, 'ya'yan Nasiru biyu sun jingina da ita, matarsa Hauwa'u tana gefe fuskarta a rufe. Na durƙusa na yi ta'aziyya. Inna ta ce, "Kai ne yayan nasa na wajen aiki? Yana yawan zancenka. Ya ce kai ka koya masa komai."

Na kasa riƙe hawaye. Na ba ta labarin dutsen nan duka, ban rage nawa laifin ba. Na ce, "Inna, akwai mutane da yawa da ke cikin iyalinsu yau ta dalilin ɗanki, ba su ma san sunansa ba. Ni ne na farkonsu." Sai ta ce, "Bai taɓa gaya mini ba. Allah ya sa ya tarar da ladansa a can."

Ya Allah, ga bawanka Nasiru ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka saka masa da Aljannar Firdausi. Ka ba Inna da Hauwa'u da Malam Sale haƙurin wannan rashi, ka raya yaransa a kan gaskiya irin tasa. Godiyar da na riƙe ban furta ba, ya Ubangiji ka isar masa da ita. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.