Baba Iro da Kwastomansa na Wata

Ku da kuka san Baba Iro kun san ba ya kallon fuskar mutum sai ya fara kallon ƙafarsa. Ka yi masa sallama a jirgin ƙasa mai lamba huɗu, maimakon ya amsa sai ka ji: "Kai Sani, wa ya yi maka wannan ɗinkin? Allah ya isa!" Shekara ashirin yana gyaran takalma a wani ɗan lungu a Manhattan, ni kuwa da nake tuƙin bas nakan biya masa mu koma unguwarmu Morris Heights tare.

Wata rana wani dattijon Bature ya kawo takalmi a sake masa dunduniya. Mai shagon kusa ya raɗa wa Baba cewa wannan yana cikin mutanen da suka taka duniyar wata. Ai sai Baba ya miƙe ya yi masa gaisuwar matafiyi da Turancinsa mai karaya: ya hanya, ya gajiya, an dawo lafiya? Sannan ya miƙa hannu: "To, ina tsaraba?" Bature ya ce duwatsun da suka ɗebo duk gwamnati ta karɓe. Baba ya girgiza kai: "Ka je har can ka dawo hannu biyu? A Kano ko Wudil ka je sai ka riƙo rake!"

Baba dai ko ƙusa ba ya yarwa. Tsofaffin dunduniyoyin ya naɗe su a leda ya kawo masallacinmu. Malam Habu, ladaninmu, ya juya su ya ce: "Haba Iro, wannan ne ya je wata?"

"Takalmin bai je ba, amma ƙafar ta je!"

Da azumi ya zo ƙarshe aka kaure da gardamar ganin wata, wannan na buga waya Kano, wancan Kumasi. Baba ya ce a bari ya tambayi kwastomansa, ai ya san wurin. Masallaci ya ɗauki dariya. Malam Habu ya ce: "Come on, Iro, ƙarya da azumi a baki?" Wallahi na ga fuskar Baba ta canza. Mutum ne da bai mallaki komai a garin nan ba sai gaskiyarsa, kuma ita aka taɓa a gaban jama'a. Ya daina zama hira bayan salla. Ni ma da na yi dariyar, abin ya daɗe yana cina.

Da Baturen ya sake kawo aiki, na lallaɓi Malam Habu muka je ran da zai karɓa. Na ce Baba ya sa shi ya ba da shaida. Ya ce: "Kwastomana ne, ba ɗan kotu ba." Mutumin na shigowa Malam Habu ya ƙame, don ya sha ganin fuskar a talabijin. Baba ko kallonmu bai yi ba, faɗa ya hau yi wa Baturen: "Ka sake cinye dunduniyar gefe ɗaya! Kai da ka taka wata, ƙasa ce ta gagare ka?" Dattijon ya yi dariya har da hawaye, ya ce mana tun da ya san Iro babu wanda ya ƙara taɓa takalminsa. Ranar ji na yi kamar ni na je watan.

Juma'a na zuwa Malam Habu ya miƙe a gaban kowa ya nemi gafara. Baba ya ce: "Na yafe tun tuni. Zauna, kana tsare wa mutane iska."

Allah ya jiƙan Baba Iro. Ya zauna a garin da ba nasa ba, ya fita da sunansa tas. Allah ya haskaka kabarinsa, mu da muka yi masa dariya kuma Allah ya yafe mana.