Hannun Sikeli da 'Yan Biyunsa

A layin mahauta ba wanda ya san sunansa na yanka, Sikeli kowa ke ce masa. Ɗan kawunmu ne. Makaranta kuwa leƙa ta ya yi kamar mai neman ɓatacciyar akuya, ya juyo. Shekara ashirin yana sayar da nama, ma'aunin da ke kan teburinsa har gizo-gizo ya tare a ciki ya yi jikoki. Sai ya ɗora tsoka a tafin hannu, ya kanne ido ɗaya, ya ce kilo biyu, kuma ko kotu za ka kai shi kilo biyun ne. An ce ya taɓa hango saniya tana wucewa ya ce ta rame da rabin kilo tun jiya.

Da Allah ya ba shi 'yan biyu mata, sai ya kafa doka a gidansa: abin da aka ba wannan shi za a ba waccan. Riga iri ɗaya, loma ɗaya, ko tsawa ce sai an raba daidai. To amma yaran ba daidai suka zo ba. Babbar ana ce mata Tulu, in ta zauna a cinyarka sai ƙafarka ta mutu. Ƙaramar kuwa Tsinke, in iska mai ƙarfi ta taso sai a rufe taga.

Suna da shekara ɗaya da 'yan watanni zazzaɓi ya kwantar da su tare. Sikeli ya wanke hannu ya nufi kemis.

"Kilo nawa ne yaran?" in ji mai kemis.

"Sha biyu."

"Kowaccensu? An auna su?"

"Malam, ni kake tambaya ko an auna? Ciki ɗaya, rana ɗaya. Ba ni maganin."

Mai kemis ya nuna masa zane a jikin wani ɗan sirinji, ya ce iya nan, kar ya wuce. Sirinjin bai ƙarasa gida ba, ya zauna a aljihun rigar aiki cikin kitse. Sikeli ya ɗauko cokalin cin abinci, ya cika wa Tulu, ya cika wa Tsinke.

"Baban biyu, anya bai yi wa ƙaramar yawa ba?" matarsa ta tambaya.

"So kike ta girma ta ce an tauye ta? Ai ba a gidana ba."

Haka aka yi ta yi, sau huɗu a yini, har kwana uku. Tulu ta miƙe tana kifar da kwanuka. Tsinke ma zafin jikinta ya sauka, Sikeli ya shiga tafa wa kansa. Sai dai ta ƙi nono. Ta yi amai sau biyu da hantsi, sannan ta kwanta shiru, ido a buɗe, ko ƙuda ba ta korewa. Yarinyar da kukanta ke tada maƙwabta. Shirun nan ne ya sa ya bar nama a kan tebur ya saɓa ta a kafaɗa.

A asibiti nas ta ce a ɗora ta a ma'auni. Bakinsa ya buɗe zai faɗi lamba, ta ɗaga masa hannu. Allurar ma'aunin ta yi rawa, ta tsaya a bakwai da rabi.

"Ma'auninku ya lalace," ya ce, amma murya ba ta fita sosai ba.

"Da me kuka ba ta maganin?"

Matarsa ta zaro cokalin daga jaka. Nas ta dubi cokalin, ta dubi kwalbar maganin da ta kusa ƙarewa, ta daina rubutu.

"Baba, maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, ba da ranar haihuwa ba. Wannan kuma in ya yi yawa ba ya ihu. Hanta yake bi a hankali, yaro na kwance kamar ya samu sauƙi."

Ta kira likita da sauri. Aka ɗebi jini, aka nemi jijiya a hannun da bai fi ɗan yatsan Sikeli kauri ba, aka rataya ruwa. Likita ya ce za su yi abin da za su iya, sakamakon jinin ne zai nuna ko an zo da wuri.

Sikeli ya zauna a bencin ƙarfe, Tulu na ja masa gemu, bai ko ji ba. Da la'asar nas ta ce ya ɗaga Tsinke za ta canja zanen gado. Ya tallabe ta a tafukan nan da ba su taɓa kuskuren tsoka ba. Idonsa ɗaya ya fara kannewa da kansa, hannun ya gaya masa nauyinta ya ragu tun safe.

"'Yar'uwa," ya ce wa nas, "don Allah sake ɗora ta a ma'aunin. Hannun nan ƙarya yake yi."