Bashin sukari da kuɗi a aljihu

Ina da shekara ashirin da biyu aka tura ni Madawa koyarwa, a shekarun da albashi yake yin wata biyu ko uku bai zo ba. Ban san kowa a garin ba. Na kama ɗaki a bayan tasha, da tabarma, da tukunya ɗaya, da ƙaramar rediyo wadda nake kunnawa da zarar na dawo daga lekol, wato makaranta, domin in ji muryar mutum a ɗakin.

A bakin layinmu akwai wani Alhaji mai kanti, yana kuma sayar da hatsi. Wata shida ina sayayya wurinsa, ban taɓa ɗaukar ko ashana ba sai na ajiye kuɗinta. Ina alfahari da haka. A zatona, suna nake yi wa kaina.

Cikin bazara inna ta aiko daga ƙauyenmu kusa da Allakaye cewa abin da ke rumbu ba zai wuce noman farko ba. Mahaifina ya rasu, ni ne babba. Na je wurin Alhaji na roƙi buhun hatsi bashi, sai albashi ya zo.

Ya ɗauko karne, wato littafin da yake rubuta masu bashi, ya buɗe, ya rufe.

"Mushe, ban san biyanka ba," in ji shi. Mushe ake kiran malamin lekol a wajenmu.

"Alhaji, wata shida ban taɓa cin bashinka ba."

"Shi na ce. Direban kamyo mai ɗaukar kaya ma kuɗi hannu yake ba ni ya wuce. Ko akwai wanda ya san ubanka a garin ga?"

Babu. Na koma ɗaki na kunna rediyo.

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Ranar ta uku na je da kuɗi a aljihu, na ce ya ba ni sukari da sabulu, zan biya ranar kasuwa. Ya buɗe sabon shafi ya rubuta da ajami. Daga baya na gane abin da ya sa a saman shafin: mushe baƙo.

Bashin ya hana ni sakewa. Washegari da safe na kai masa kuɗin. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Wanga ba bashi ba ne, mantuwa ce! Ka ce ranar kasuwa, to ka bari ranar ta zo in gani."

Daga nan na koyi tsarin. In ɗauki abu kaɗan, in faɗi rana, in zo a ranar, ba kafin ta ba, ba bayan ta ba. Sukari, sai shinkafa, sai man gyaɗa. Kowane layi ya soke shi a gabana da jan biro. Mako bakwai muna haka, kuma in ban da ƴan ajina, shi kaɗai ne mutumin da nake magana da shi.

A mako na takwas ɗan abin da na ɓoye ya ƙare, albashin da aka ce yana hanya bai iso ba, ga ranar kasuwa gobe. Abin da ake bina bai taka kara ya karya ba. Na san in na ce ya ƙara mini mako ɗaya zai yarda, na kuma san abin da zai tuna ranar da zan sake maganar buhu. Da safe na naɗe rediyon a cikin riga na kai wa wani mai gyaran agogo a kasuwa. Ya taya da arha, na sallama. Kafin azahar Alhaji ya soke layin.

An yi shuka, an shiga noma. Na koma na ce buhu. Bai buɗe karne nan take ba.

"Mushe, kwana biyu in na wuce ƙofarka ba ni jin labarun duniya."

Na ce batir ne.

"To. Mai agogo kam ya samu batir." Ya jawo littafin. "Yaushe?"

Na ce ranar da albashi ya zo, ban san ranar ba, ba kuma zan faɗi wadda ban sani ba. Ya rubuta hakan.

Ni na ɗora buhun a motar Buza, wadda ke bi ta ƙauyenmu, da hannuna, na ba direba takarda ya kai wa inna. Na tsaya har motar ta fita tasha. Da na koma ɗaki, lokacin labarun rana ya yi. Na zauna a tabarma, ina jin su sama-sama daga gidan maƙwabta.