Gahawar Mabkut Ta Je Duniyar Mars

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga garin Haima ta yi kudu cikin hamada ya san Mabkut, ko bai san fuskarsa ba ya san gahawarsa. Wani dogon dattijo ne siriri mai gemu kamar na bunsuru, da 'yan raƙuman da ba su kai a yi alfahari da su ba. Yana saurayi ya yi gadi a wani kamfanin mai, aka sallame shi don ya mai da ɗakin gadi zauren shan gahawa, har direbobin tanka suna bin layi ba don mai ba. Ko a jikinsa. Abu biyu ya gada wurin ubansa: turmin tagulla da suna. Sunan kuwa shi ne, tun zamanin kakansa baƙo bai taɓa sauka kusa da rijiyarsu ya tashi bai sha gahawar gidan ba.

Ana nan, wata shekara da sanyi, sai ga manyan motoci sun zo sun kafa wani farin tanti kamar rabin ƙwai a bayan tudu, suka kewaye shi da igiya mai nisa. Mabkut ya gasa gahawa, matarsa Tufula ta fito da dabinon da take ɓoye wa manyan baƙi. Shiru. Kwana uku babu ko sallama.

Bahit, ɗan baffansa, wanda tun suna yara bai taɓa barin sa ya sha ruwa da daɗi ba, ya zo ya zauna yana kallon tudu.

"Ɗan baffa, na ga baƙinka sun ƙoshi. Ko labarin gahawar taka ya riga ka zuwa?"

"Gajiyar hanya ce."

"Gajiya? Jiya na hango biyu suna yawo da tukunya a ka. Mutum ya gwammace ya kifa tukunya da ya sha abin hannunka, ai magana ta ƙare."

Ran nan Mabkut ya ɗaura wuƙarsa ta ado, ya ɗauki buta, ya nufi igiya. Wata mata mai tabarau ta tare shi, Dakta Azza daga Maskat, babban birnin ƙasar, wadda aikinta nazarin halin mutane. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce mutum shida ne a ciki, masana duwatsu da masana na'urori, suna gwada zaman duniyar Mars na wata guda saboda ƙasar nan ta yi kama da can. Ba su fita sai da rigar sama jannati, ba su ganin kowa.

"To ai ga ni, 'yata."

"Baffa, a wurinsu ba ka nan. Kana wata duniya."

"Ni? A gaban rijiyar kakana?"

Da ta ga ba zai tafi ba sai ta kai shi motar da ke da rediyon magana da su. Ta ce saƙo sai ya yi minti goma kafin ya isa, amsa ma haka, don can nesa ne. Mabkut ya gyara zama ya yi sallama. Aka jira. Amsa ta zo, Dakta ta fassara. Ya ce, yaya gajiya? Aka jira. Yaya iyali? Aka jira. Akwai labari? Babu sai alheri. An yi ruwa a wajenku? Da azahar suka fara, ana kiran magariba bai kai ga tambayar raƙumansu ba, balle ya yi tayin gahawa. Ya koma gida da buta cike.

Tufula ta ce, "Mutanen da gaisuwa ke cinye musu yini, ka bar su da Allah."

Bai bar su ba. Washegari bayan asuba ya kwashi itace da turmi ya hura wuta a gindin igiyar. A ƙasarsu ƙarar turmin gahawa ita ce katin gayyata, kuma Mabkut ba daka kawai yake ba, kiɗa yake: tim, tirim-tim, ya buga gefe ya koma ciki. Bai san cewa taku kaɗan daga inda ya zauna an binne wata na'ura mai sauraren motsin ƙasa ba, wadda ko ƙadangare ya yi atishawa sai ta ji. Cikin tanti masana duwatsu suka rikice don murna: ga girgizar ƙasa mai zuwa kullum da sassafe, kuma da salo! Sai da suka kusa sa mata suna kafin aka gano tushenta.

Dakta Azza ta zo tana dariya tana roƙo. "Baffa, don girman Allah ka matsar da turmin nan."

"Su sha gahawa, in matsar."

Aka yi ta shawara da manya ta waya. Daga ƙarshe aka samo dabara: ko a Mars ai jirgin guzuri yakan zo daga duniya. Aka rubuta Mabkut a matsayin jirgin guzuri. Mai ɗaukar kayan kuwa wata 'yar mota ce mai ƙafa shida da hannu ɗaya na tsintar duwatsu, wadda ake tuƙa ta daga cikin tanti. Saboda tafiyarta, Mabkut ya raɗa mata Kunkuru.

Ya jera finjali shida da dabino a bayan Kunkuru. Ta tafi tana rangaji, ta dawo da su wayam. Mabkut ya dubi finjalan, ya ɗauki buta ya sake zubawa. Kowa ya sani, baƙo in ya ƙoshi girgiza finjali yake kafin ya miƙa; in bai girgiza ba, ƙari yake so, kuma mai gida ba ya tsayawa. Su kuwa na ciki an gaya musu ƙin shan abin da aka ba ka cin mutunci ne a ƙasar nan. Don haka su sha, shi ya zuba, Kunkuru ta yi ta safa da marwa har ƙafafunta suka haƙa hanya a rairayi.

Dakta Azza ta san maganin abin sarai, ba a Maskat aka haife ta ba? Amma ta yi gum, idonta na ƙyalli. Wai irin wannan ta zo nazari.

Ba a jima ba gahawar gidan ta kusa ƙarewa, Tufula ta fara kallon mijinta da gefen ido. A cikin tanti kuwa barci ya yi ƙaura. Na'urar auna barcinsu ta daina samun abin aunawa, shugabansu ya wanke duwatsun bincike sau biyu don rashin abin yi da hannu. Bahit ya zo kallo, ya taɓe baki.

"Wa ya gani? Ƙila a rairayi suke zubarwa."

Mabkut ya ja shi har motar rediyo. Suna isa muryar shugaban ta fito, tana rawa, tana gudu kamar mai tallan gwanjo. Dakta ta fassara tana share hawaye: "Ya ce gahawa ta yi daɗi, ya ce yana jin bugun zuciyarsa a cikin haƙoransa, ya ce don Allah yaya ake cewa an gode?"

Bahit ya sosa gemu. "Wannan kam ya sha. Na san muryar. Haka na yi ran aurenka."

Sannan ne Dakta ta ji tausayi ta aika musu da bayani. Aka jira saƙo ya je Mars. Can sai ga Kunkuru ta taho, ta tsaya gaban Mabkut, ta ɗaga hannun nan nata na tsintar duwatsu da finjali a ciki, ta girgiza shi dama da hagu a hankali.

Mabkut ya ajiye buta. Ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya raka ta har bakin igiya kamar yadda ake raka baƙo, ya ɗora mata dabino ɗaya na hanya.

Yanzu ya tsufa sosai, Tufula ce ke riƙe masa turmi in zai daka. In matafiyi ya tambaye shi halin mutanen Mars, sai ya ce ba su da laifi, sai nauyin baki wurin gaisuwa da rashin sanin ƙoshi. Mai tarbiyya a cikinsu ɗaya ce, mai ƙafa shida, ita ma ba ta shan gahawa.