Ƙunshin da Yaya Guizhi Ta Ɗaure da Shuɗin Tsumma

"Ka gyara mini rufin nan kafin ruwa ya sauko, ka ɗauki ƙunshi ɗaya," in ji Yaya Guizhi.

"Wanda na zaɓa da kaina?"

"Wanda ka zaɓa, Kuang. Ai idonka ba ya sauka kan abin banza."

Muka kurɓi shayi a kai, magana ta ƙare.

Aji uku na yi a makaranta, amma shekara arba'in ina dillanci, daga agwagi har tsofaffin kekuna, ba wanda ya taɓa yi mini wayo. Wannan cinikin ne kaɗai har yau na kasa gane kansa.

Miao Guizhi shekararta saba'in da huɗu, kuma duk wanda ya taso a ƙauyenmu na yankin Qichun da ƙamshin hayaƙinta ya taso. Kowace shekara, idan bikin tseren kwalekwale ya matso, tun rana ba ta yi zafi ba take fita da lauje ta yanko tazargade. Ta shanya a inuwa, ta ɗaure ƙunshi-ƙunshi, ta rataye a ƙarƙashin rufi. Ba ta taɓa shi sai ya shekara uku. Ta ce wutar sabon ganye cizo take yi, ta tsohon ganye kuwa lallashi. Daga nan sai daka a turmin dutse, a tankaɗe, a sake dakawa, har ya koma kamar auduga. Sai ta ɗora kaɗan a kan yankan citta, ta aza wa mutum a gwiwa ko a baya, ta kunna. Fang mai fito an kawo shi a duƙe, na gan shi ya koma yana tuƙa jirginsa. Matan da sanyin gonar shinkafa ya shiga ƙafafunsu sun fi ni sanin sauran.

Ni dai ranar na hau tsani, na sunsuna ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi wanda ya fi tsufa, ɗaure da wani shuɗin tsumma. Kafin in buga ƙusa ɗaya na kira Pei a waya, wani mai shago a birnin Wuhan, na yi alkawarin sayar masa da shi.

Kwana uku ina kan rufi. Ina saukowa a rana ta uku gwiwata ta hagu ta ƙi ɗaukata. Ta daɗe tana damuna, ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata Dongmei. Na ɗingisa zuwa gida na ajiye ƙunshin a kan tebur. Dongmei ta dube shi, ta dube ni, ta kwashe da dariya.

"Tsoho, ba ka gane rigarka ba?"

"Wace riga?"

"Shuɗiyar da ka ce in yar. Yaya Guizhi ce ta roƙi hannunta ɗaya. Ai ba ta iya rubutu ba, da tsumman kayan mutum take ɗaure ƙunshinsa."

Na koma da sanda.

"Yaya, kayana kika sayar mini?"

"Kai ka zaɓa."

"Da na ɗauki wani fa?"

"Kai? Ka bar mafi tsufa? Shekara biyar ke nan na ga yadda kake sauka daga mota, na yanka maka. Kowa yana zuwa ya karɓi nasa, kai girman kai ya hana ka cewa ƙafa na ciwo. Shi ya sa naka ya tsufa."

"To rufin fa?"

"Rufin yoyo yake yi."

Sai a lokacin na duba sama da kyau. Kowane ƙunshi da tsummansa: ɗankwali, bakin wando, igiyar hula. Ashe kallon tafiyarmu take yi tun ciwo bai kwantar da mu ba.

Washegari Pei ya iso. Ban taɓa karya alkawari a ciniki ba, sunana ke nan, da shi nake ci. Na dubi ƙunshin, na dubi gwiwar da ta kumbura kamar kabewa. Na ce masa, "Kaya ya samu mai shi." Ya kira ni tsohon maƙaryaci a gaban maƙwabta, ya tayar da motarsa.

Mako shida tana gasa mini gwiwa, tana yi mini tsiya. Yau da ƙafata nake zuwa kasuwa.

Yaya Guizhi, ke ce mai tanadi tun ba a roƙa ba. Ke ce kika san ciwona shekara biyar, ba ki tona ni ba. Bana kin ajiye taɓarya don hannu ya gaji. Na gode, ko da yake ban san ko godiyar magani nake yi ba ko ta wayon da aka yi mini.

Akwai sauran ƙunshi goma sha ɗaya a rataye. Mutanen ƙauyenmu, ku je ku duba tsummanku. Kuma wani a cikinku ya ɗauki taɓaryar nan tun tana iya nuna masa.

Wa ya ci riba? Ita ta samu rufi. Ni na samu gwiwa, na rasa Pei da sunana a wurinsa, na kuma yi aikin kwana uku a kan abin da yake nawa kyauta. Dongmei ta ce ni na fi kowa ci, ni kuma na fi kowa faɗuwa. Na juya maganar ta kowane gefe, ban ga inda ta yi ƙarya ba.