Gawon da Ilisha Ya Sara

Ilisha ya zo Paki a shekarar da soja suka canza kuɗi, damina ta riga ta zauna. Shekara goma sha shida ya yi yana tsaron inji a wata masaƙa a Kaduna, rana ɗaya ya ga sunansa cikin waɗanda aka sallama. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma bai koma gida ba, don gonar ubansu ko ƙannensa ba ta isa ba. Wani ɗan cocinsu ya yi masa hanya wurin Malam Muhammadu Lawal, dattijon da ke karantar da littattafai a zaurensa, shi kuma ya ara masa gonar da ke iyaka da tawa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: busasshen itace nasa ne, ɗanye kuwa ko reshe kada ya taɓa.

Ni Ɗan'azumi ban so zuwansa ba, don na daɗe ina zawarcin gonar nan. Amma mutumin ba shi da abin ƙi. Yana noma da tsohuwar rigar masaƙa, yana gaishe ka sau uku a wuni, kuma matarsa Philomena ta iya fate. Kafin wata guda na sauko.

Lokacin kananzir ya ɓace. Sai ka wuni a layi a Ikara, soja na zagaya ku da bulala, ka dawo da galan wayam. Philomena da jiƙaƙƙen kara take girki, idanunta kullum jajur. Wata Asabar cikin Agusta ina cirar ciyawa na ji sarar gatari daga tsakiyar gonarsa, inda babban gawo yake. Na yar da fartanya na ruga. Na tarar ya sassaƙe ɓawon ya kusa zagaye gindin, abin da ya rage bai fi faɗin tafin hannu ba.

"Baban Bernice, me gawon nan ya yi maka?" na ce, don da sunan 'yarsa muke kiransa.

"Ai ya mutu, maƙwabci. Wata biyu ina kallonsa, ko ganye ɗaya babu."

"Taɓa bakin gatarinka."

Ya taɓa, ya ji danshi, ya dube ni.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da wa zan yi faɗa? Baƙo ko da ido makaho ne. A garinsu itacen da ya tsaya tsirara cikin Agusta ya mutu, kuma ba su da gawo. Na zaunar da shi na faɗa masa abin da kowa a nan ya tashi da shi. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar rana ta sauka kan shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Idan ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa suka fara kaɗewa, sai shi ya yi kore, don saiwarsa can ƙasa take shan ruwa. Da rani shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Na nuna masa dawarsa ta ƙarƙashin itacen, ta fi ta gefe tsawo da duhun ganye, alhali ko ƙwayar takin zamani ba ta gani ba, don a shekarar ba mai samunsa.

Muka kwaɓa laka da kashin shanu muka shafe ciwon, muka ɗaure da tsohon buhu. Na ce masa mu yi shiru, Malam bai cika zuwa gona da damina ba. Ya ce shi ba zai iya gaida mutum kullum da wannan a cikinsa ba. Haka ya ja ni har zauren.

Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya rufe littafin da ke gabansa.

"Mahaifina ma tarar da gawon nan ya yi," in ji shi. "Na san ba da gangan ka yi ba, Ilisha, amma magana magana ce. Idan ya yi ganye da kaka, ka ci gaba da nomanka. Idan bai yi ba, ka girbe abinka ka ba ni gonata."

"Na ji, Allah gafarta Malam."

Daga ranar gawo ya zama ɗan gidansu. Kullum da safe sai ya je ya tsaya ya ɗaga kai. Har na kama shi yana zuba masa ruwa da bokiti, ana tsakiyar marka. Na ce masa itacen da ya ƙi ruwan Allah ba zai sha na bokitinsa ba. Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. 'Ya'ya biyar gare shi, kuma ba shi da wani wurin zuwa.

Ruwa ya ɗauke. Gawon gonata ya tofo, na bakin hanyar Ikara ma haka, nasa kuwa shiru. Mako ɗaya, mako biyu. Muka yanke dawa muka ɗaure. Ya daina zuwa duba itacen, ya daina cin abincin kirki, Philomena kuma ta fara ɗaure kayansu a zannuwa ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Ni kaina na daina tsokanarsa.

Akuyata ce ta fara gani. Da hantsi na neme ta na rasa, sai na hango ta ta hau suri a gindin gawon, ta miƙe kan ƙafafun baya tana fizgar wani reshe da ya sunkuyo. Akuya ba ta wahalar da kanta a kan ƙaya zalla. Na matsa, na ga ƙananan ganye sabbi fil, a ɓangaren da ɗan ɓawon nan ya rage. Ɗaya ɓangaren a bushe yake.

Na kira Ilisha, na je na taho da Malam. Dattijon ya zagaya itacen a hankali da sandarsa, ya ɗaga buhun ya ga ƙaro ya cike bakin ciwon.

"Rabi ne kawai ya yi, Allah gafarta Malam," in ji Ilisha.

"Cewa na yi ya yi ganye, ban ce nawa ba. Ka bar karanka a gonar, shanu na nan tafe."

Ya juya ya kama hanyar gida. Ni dai na ji wani sanyi har cikin raina. Ilisha kuwa ya zauna daɓas a kan kunyar gona.

"Maƙwabci," ya ce, "taimake ni ka je ka ce wa Maman Bernice ta kwance kayan nan."